AMININ RAI: ABIN DA KIRISTOCIN AILAN NA DĀ SUKA SANI GAME DA ABUTA

Da wuya a sami wani a cikinmu wanda bai taɓa jin sunan Waliyyi Patrick ba. Akwai majami'u da makarantu masu ɗauke da sunansa a ƙasar nan, tun shekarar 1961 kuma shi ne waliyyin da aka danƙa Nijeriya ga addu'arsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wa iyayenmu baftisma 'ya'yan ƙasar da ya yi wa bishara ne, watau Ailan: firistocin SMA a Kaduna da Jos, 'yan ƙungiyar Waliyyi Agustin a Yola da Maiduguri, da Sistocin St. Louis waɗanda suka sauka Kano a 1948. Mun san yadda aka sace shi yana ɗan shekara 16, aka kai shi bauta, ya yi shekara shida yana kiwo, ya tsere, daga baya ya koma wurin mutanen da suka bautar da shi da bisharar Kristi a bakinsa. Amma akwai wani labari nasa wanda ba a cika faɗa ba ranar idinsa, 17 ga Maris, ko da yake shi da kansa ya rubuta shi da tsufansa.

Sa'ad da yake yaro, yana wajen shekara 15, ya aikata wani zunubi, a rana ɗaya, cikin sa'a ɗaya. Abin ya zauna masa a zuciya shekara da shekaru. Kafin a naɗa shi dikon, cikin damuwar rai, sai ya buɗe cikinsa ga amininsa, mutumin da ya fi kowa kusa da shi. Aminin ya ji, bai guje shi ba. Shi ne ma daga baya ya gaya masa da bakinsa cewa ya cancanci zama bishop. Bayan shekara 30, sa'ad da manyansa a Ikkilisiya suka zauna suna binciken al'amarinsa, sai ga tsohon zancen nan an baje shi a gaban kowa, wanda ya baje shi kuwa aminin nan ne. Patrick ya ce abin ya girgiza shi har ya kusa faɗuwa, ya kuma ce baƙin cikinsa saboda aminin ya fi baƙin cikinsa saboda kansa. Mu lura da abu ɗaya: har ya gama rubutunsa bai ambaci sunan mutumin ba. Wanda ya tona masa asiri, shi ya rufa masa nasa.

To, ga tambayar da muke so mu yi tunani a kanta. Wanda ya ji wannan labari, ba zai ce masu iya magana sun yi gaskiya ba, da suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba? In waliyyi guda ya sha irin wannan a hannun amininsa, mu su wane ne da za mu miƙa wa ɗan Adam wuƙar da zai yanka mu da ita wata rana? Ashe, ba gara mutum ya haɗiye abin da ke ransa, ya bar shi tsakaninsa da Allahnsa ba?

Abin mamaki shi ne, ƙasar da wannan mutum da aka ci amanarsa ya yi wa bishara, ita ce ta mai da buɗe zuciya ga mutum guda ya zama ginshiƙin rayuwar Kirista. A tsohon harshen Ailan akwai kalma, anamchara, wadda aka haɗa daga anam, watau rai, da cara, watau aboki. A Hausa mun ga ya fi dacewa mu ce aminin rai, gama a cikin kalmar amini akwai amana, amana kuwa ita ce cibiyar al'amarin. Mutanen Ailan da 'yan'uwansu na Sikotilan da Wales su ne ake kira Keltawa saboda dangantakar harsunansu. Wasu a zamanin nan sukan yi magana kamar suna da wata Ikkilisiya dabam da ta Roma, amma ba haka ba ne. Suna dai da al'adunsu, har sun yi doguwar gardama da sauran Kirista a kan lissafin ranar Ista, duk da haka babban malaminsu Kolumbanus ga Paparoma yake rubuta wasiƙu, yana kiransa uba.

Labarin da aka fi sani game da aminin rai na Waliyyiya Brigid ne, uwar gidan zuhudu na Kildare, wadda ta rasu wajen shekarar 525. An rubuta shi ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarta, saboda haka muna karɓarsa a matsayin koyarwa irin ta magabata. Wani saurayi mai koyon aikin firist, wanda ta rena, yana cin abinci a wurinta, sai ta tambaye shi ko yana da aminin rai. Ya ce yana da shi. Ta ce su tashi su yi masa addu'ar matattu, gama ya rasu a wannan lokaci; ta gane haka ne domin tana kallon saurayin sai ta ga abinci yana shiga gangar jiki marar kai. Ta umarce shi kada ya ƙara sa kome a bakinsa sai ya sami wani aminin. Daga nan maganar ta bazu a dukan ƙasar, cewa mutumin da ba shi da aminin rai gangar jiki ne da babu kai. An ce Komgal, shugaban gidan zuhudu na Bangor, ya faɗi irin wannan magana game da kansa ranar da nasa aminin ya mutu.

Me ya sa suka ce kai, ba su ce hannu ko ƙafa ba? Mu a ganinmu domin a kai idanu suke. Mutum yana iya ganin kowa da kome, sai fuskarsa. Haka nan rai. A shari'ar da mutum yake yi wa kansa cikin zuciya, shi ne alƙali, shi ne wanda ake ƙara, shi ne mai ba da shaida, shi ne kuma mai rubuta hukunci. Ina za a sami adalci a irin wannan kotu? Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Sarki Dawuda ya san shari'ar Allah sarai, mai addu'a ne, mai waƙar yabo, duk da haka ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin, ya ci gaba da zamansa a fada lamirinsa na barci. Sai da annabi Natan ya kawo masa labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci. Dawuda ya husata, ya yanke hukunci daidai, domin yana tsammani laifin wani ne. Idonsa lafiya lau yake, bai dai taɓa juya shi ga kansa ba sai da wani ya juya masa.

Makantar nan tana da fuska ta biyu, wadda ba mu cika kula da ita ba. Kamar yadda wani yake sassauta wa kansa fiye da kima, haka wani yake tsananta wa kansa fiye da yadda Allah yake yi. Duk mun san irin uwar da ɗanta ya rasu, ta ƙudura a ranta cewa hukunci ne saboda wani abu da ta yi tun tana budurwa, ta furta shi sau goma, an gafarta mata sau goma, amma har yanzu tana ɗauke da shi. Mun san dattijon da ya daina karɓar Jikin Kristi shekara da shekaru domin yana ganin shi ya wuce gafara. Irin waɗannan mutane ba tsawatarwa suke bukata ba. Suna bukatar wanda ya san labarinsu duka, daga farko har ƙarshe, ya dube su ido da ido ya ce musu ya isa haka, su sauke kayan. Maganar baƙo ba ta yin wannan aiki, gama zuciya za ta ce, ai da ya san ni da bai faɗi haka ba.

Wani zai ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Allah kuma ya fi kowa sanin zuciya. Me za a yi da mutum na uku? Gaskiya ne Allah ya sani. Amma mu dubi yadda shi kansa yake aiki. Ya kira yaro Sama'ila da dare, sai da tsoho Eli ya gaya wa yaron muryar wane ne yake ji. Ubangiji Yesu ya tare Shawulu a hanyar Dimashƙu, yana da ikon gaya masa kome a nan take, amma ya aike shi cikin gari ya jira Hananiya. Allahn da ya zama mutum domin ya cece mu bai daina yin magana ta bakin mutane ba. Wanda ya ce shi da Allah kaɗai ne, sau da yawa muryar kansa yake ji, yana sa mata sunan Allah.

Mutanen Ailan ba su ne suka fara wannan hanya ba. Tushenta yana nahiyarmu, a hamadar Masar, inda 'yan zuhudu na ƙarni na 4 suke da al'adar cewa sabon shiga ya riƙa bayyana wa wani dattijo tunanin zuciyarsa tun bai zama aiki ba. Yohanna Kasiyan, wanda ya yi shekaru yana zaga waɗannan dattawa tare da amininsa Jamanus, sa'an nan ya kafa gidajen zuhudu a Marseille ta ƙasar Faransa wajen 415, shi ya rubuta koyarwarsu, littattafansa kuma suka ƙetare teku har Ailan. Ya ba da labarin wani yaro mai suna Serafiyon wanda kullum bayan cin abinci yakan saci gurasa guda ya ɓoye a rigarsa, ya ci da dare. Yana ƙin abin, yana kuka a kansa, amma ya kasa bari. Ran nan ya ji dattijonsa yana yi wa baƙi magana a kan ɓoyayyen tunani, sai ya fashe da kuka, ya zaro gurasar a gaban kowa. Tun daga ranar kwaɗayin ya sake shi. Gurasa guda ba wani abu ba ce. Ɓoyewar ce take ba ta ƙarfi.

Daga wurin Kasiyan ne kuma suka koyi kallon zunubi kamar cuta, aminin rai kuwa kamar mai magani. Malamansu, irin su Finnian a ƙarni na 6 da Kummean a ƙarni na 7, sun rubuta littattafai na jagora ga masu karɓar tuban mutane, bisa ƙa'idar cewa kowace cuta da kishiyarta ake warkar da ita: mai haɗama ya yi azumi, mai rowa ya yi kyauta, mai surutu ya yi shiru, mai yawo ya zauna wuri ɗaya. Sun kuma ce a duba shekarun mutum, da iliminsa, da abin da ya tura shi, da irin nadamarsa, kafin a ɗora masa wani abu.

Domin mu gane girman abin da suka kawo, sai mu tuna yadda tuba take kafin wannan lokaci. A ƙarnukan farko, wanda ya yi babban zunubi bayan baftisma a gaban jama'a yake yin tuba, wani lokaci shekaru, a wurare da yawa kuma sau ɗaya tak ake ba shi wannan dama a rayuwarsa. Saboda haka mutane suka riƙa jinkirta tuba sai a bakin mutuwa. A Ailan kuwa mutum yana zuwa wurin amininsa a asirce, ya faɗi, ya tashi, ya sāke faɗuwa, ya sāke komawa. Sa'ad da irin wannan al'ada ta bayyana a Sifen, majalisar bishop-bishop da ta zauna a Toledo a 589 ta yi tir da ita, tana ganin wasa ne da jinƙan Allah. Amma a hankali ta rinjaya. Katekizim na Ikkilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya shaida a sashe na 1447 cewa masu bishara daga Ailan ne suka kai tuba ta asirce cikin nahiyar Turai a ƙarni na 7. A 1215 majalisar Lateran ta huɗu ta wajabta wa kowane mai bi furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara, ta kuma sa hukunci mai tsanani a kan firist da ya tona abin da ya ji. Ashe duk lokacin da muka durƙusa gaban Fada muna raɗa, gadon aminin rai muke ci ba mu sani ba.

Sai dai kada mu haɗa abu biyu su zama ɗaya. Gafarar zunubi a sakramentin tuba ta bakin firist kaɗai take fitowa. Amintakar rai kuwa ta fi wannan fāɗi, ta kuma fi daɗewa, gama tafiya ce ta shekaru. A Ailan mata ma sun yi wannan aiki. Ita ta Killeedy, wadda ta rasu wajen 570, ana kiranta mai renon waliyyan Ailan, an kuma ce Brendan, shahararren matuƙin jirgin ruwa, wurinta yake komawa neman shawara har ya girma. Kolumbanus kansa, yana saurayi, wata mata mai zaman kaɗaici ce ta gaya masa gaskiyar da ta sa ya bar gida.

In muna so mu ga aminin rai a bakin aikinsa, sai mu je Iona, wani ɗan tsibiri a yammacin Sikotilan, inda Waliyyi Kolumba ya zauna daga 563 har rasuwarsa a 597. Adomnan, wanda ya shugabanci gidan wajen shekara ɗari bayansa, ya rubuta labarin wani talaka mai suna Libran daga yankin Connacht, wanda ya yi doguwar tafiya ya zo ya faɗi gaban Kolumba. Ya kashe mutum, an ɗaure shi za a kashe shi, wani danginsa mai arziki ya biya diyya ya fanshe shi, shi kuma ya rantse zai yi masa bauta muddin ransa. Bayan 'yan kwanaki ya ga ba zai iya ba, ya gudu, ya ce Allah zai bauta wa. Wace irin amsa muke tsammani? Da yawa daga cikinmu da mun yi murna mun ce ga wanda ya zaɓi Allah a kan mutum. Kolumba ya aike shi tsibirin Tiree ya yi shekara bakwai yana aikin tuba. Da ya dawo ya karɓi Jikin Kristi da Ista, yana tsammani an gama, sai Kolumba ya ba shi takobi mai ado da hauren giwa, ya ce ya koma wurin ubangidan da ya tsere wa, ya miƙa masa a bakin fansa. Ya kuma gaya masa cewa 'yan'uwansa za su tare shi da hakkin tsohon ubansa da uwarsa, wanda ya bar musu shekara da shekaru, kada kuwa ya ƙi. Libran ya tafi. Matar ubangidan ta shawo kan mijinta ya 'yanta shi ba tare da karɓar kome ba. Ya yi jiyyar ubansa har ya binne shi, ƙanensa ya ɗauke masa ɗawainiyar uwar, sa'an nan ne ya koma Iona aka karɓe shi.

Wannan labari yana sa mu kunya. Mutum nawa ne a cikinmu suka gudo cikin majami'a daga bashin da ba su biya ba, daga gonar marayun da suka cinye, daga tsohuwar da suka bari a ƙauye, suna kiran gudun nan ibada? Abokin hira zai ce mana Allah ya san zuciyarmu. Aminin rai zai tambaye mu yaushe za mu hau mota mu je. Sa'an nan mu lura, takobin fansar daga hannun Kolumba ya fito. Bai tura mutumin hannu wofi ba.

Gama aikin nan yana da tsada ga mai yinsa, su kuma sun san haka. A ƙarshen ƙarni na 8 aka sami wata ƙungiyar masu gyara da ake kira Céli Dé, watau barorin Allah, babbansu Mael Ruain na Tallaght kusa da Dublin, wanda ya rasu a 792. A rubuce-rubucensu sun ce zama aminin ran wani abu ne mai hatsari: in ka ɗora wa mutum maganin da ya dace da cutarsa, yawanci ba zai sha ba, in ka yi shiru don kada ka ɓata masa rai, alhakin ya dawo wuyanka. An ce wani dattijo a cikinsu mai suna Elair ya sallami dukan masu zuwa wurinsa, domin ya ga suna ɓoye rabin zancen, ba su kuma yin abin da ya ce. Wata ƙa'ida da ake dangantawa da Mochuda na Lismore ta gargaɗi aminin rai kada ya sayar da ran da aka ba shi amana, kada ya zama makaho mai jan makaho, abin da aka kawo masa kuma ya raba wa baƙi da matalauta. A cikin ƙa'idar Céli Dé an lissafta zunubai huɗu masu nauyin da babu aikin tuban da zai biya su a ƙasar Ailan, ɗaya daga cikinsu shi ne mutum ya fita ya ce ga abin da wane ya aikata. Kamar dai ƙasar ba ta manta da abin da aka yi wa Patrick ba.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi kanmu. Muna da wata hanya ta tona asiri wadda muka yi wa wanka muka sa mata farar riga. A taron zumunta sai wani ya miƙe ya ce, mu sa wance cikin addu'a, kun dai san abin da ke tsakaninta da mijinta. Kafin a ce amin rabin unguwa ta ji. Wannan tsegumi ne, ko da an rufe ido an ɗaga hannu. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai ƙara buɗe bakinsa ba har kabari, alhakin shirun nan kuwa yana kanmu. Akwai kuma masu kiran kansu uban ruhaniya, waɗanda sai an ajiye ambulan kafin su ga wahayi, waɗanda suke sa mutum ya kasa sayen akuya sai ya tambaye su, suke raba mace da mijinta, ɗa da uwarsa, da sunan sun ga maƙiyi a mafarki. Ma'aunin dā yana nan bai tsufa ba: mu duba ko yana cin riba da mu, ko yana riƙe harshensa, ko shi ma yana da wanda yake durƙusa wa. Mael Ruain, da wani ya zo neman ya zama amininsa, sai da ya tambaye shi ko ya nemi izinin wanda yake wurinsa a dā. Mai neman tara mabiya ba ya yin irin wannan tambaya.

Ba kome na zamaninsu ne muke marmari ba. Littattafan nan suna ɗora wa mutum shekaru a kan gurasa da ruwa, lissafin azumi kuma ya yi yawa har daga baya a Turai masu hali suka riƙa samun waɗanda za su yi musu azumin. Mun gode wa Allah da Ikkilisiya ta bar wannan. Amma zamaninmu ya karkata wani gefen. A 1997 wani marubuci ɗan Ailan, John O'Donohue, wanda ya taɓa yin aikin firist, ya fitar da littafi mai suna Anam Cara. Ya sami karɓuwa ƙwarai, ya kuma farfaɗo da kalmar bayan an kusa mantawa da ita, wannan kuwa abin yabo ne. Sai dai da kalmar ta shiga kasuwa, aka soma zana ta a zoben masoya, ma'anarta ta koma wanda jininku ya haɗu, wanda yake fahimtarka ba sai ka yi magana ba. Wannan abu ne mai daɗi, kyautar Allah ce kuma, amma Brigid ba za ta hana saurayi cin abinci saboda rashinsa ba. Zuma da zaƙi take, da harbi kuma. An tsame zaƙin an zubar da harbin.

Mu a nan ba baƙin amintaka ba ne. Namiji yana da amininsa, mace tana da aminiyarta, wadda ta san abin da uwarta ma ba ta sani ba; mun kuma gāji maganar cewa abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Abin da ya rage shi ne mu shigar da Kristi cikin wannan amintaka, mu ba aminin izini, da bakinmu, ya tambaye mu abin da ba mu so a tambaya: yaya addu'a, yaya kuɗin ƙungiya da ke hannunka, yaushe rabonka da magana da ƙanenka. Fada guda yana da ƙauyuka da yawa a wuyansa, layin masu tuba kafin Kirsimeti da Ista kuwa kowa ya san tsawonsa. Zai ba mu gafarar Allah, amma ba zai iya bin kowannenmu gida ba. Ikkilisiya ta riga ta ba mu iyayen baftisma domin wani ɓangare na wannan aiki, mu ne muka koma zaɓensu saboda motarsu. A kowace majami'a akwai tsohon katekis, ko wata gwauruwa mai zama a bencin baya, waɗanda ba a taɓa jin zancen kowa a bakinsu ba. Irin waɗannan ake nema, a hankali, ana gwada su da ƙaramin abu kafin babba. Mai aure kuma ya kula, kada amintakar rai da wata ko wani a waje ta zama ɗakin da abokin aurensa ba shi da mabuɗinsa.

Saura tambayarmu ta farko. Babu wanda zai iya yi mana alkawari cewa ba za a ci amanarmu ba. An ci ta Patrick, an ci ta Ubangijinmu da sumba, a hannun wanda ya ci abinci tare da shi, a daren da ya ce wa almajiransa ya daina kiransu bayi, abokai yake kiransu. Ko aminan kirki ma sukan yi kuskure, su yi mana mummunar fahimta. Kolumbanus, wanda ya bar Bangor wajen 590 ya kafa gidajen zuhudu a Faransa, mutum ne mai zafi. Ya ƙi sa wa 'ya'yan sarki albarka domin ba ta hanyar aure aka haife su ba, aka kore shi a 610. A duk wannan wahala almajirinsa Gall yana tare da shi tun daga Ailan. Wajen 612, da za su ƙetare duwatsu zuwa Italiya, zazzaɓi ya kama Gall, ya roƙi a bar shi a baya. Marubutan tarihin Gall sun ce Kolumbanus bai gaskata shi ba, ya ɗauka son wurin ne da gudun wahala, ya hana shi yin hadayar Misa muddin shi Kolumbanus yana da rai. Hukunci ne mai tsanani, mu a ganinmu ma ba daidai ba ne. Gall ya karɓa, ya zauna a dajin da yanzu birnin St. Gallen na ƙasar Suwizalan yake, shekara uku firist ne ba ya hawa bagade, bai kuma je neman wani da zai kwance masa ba.

Ranar 23 ga Nuwamba, 615, Kolumbanus ya rasu a Bobbio. An ce da asubar nan Gall ya ta da dikonsa ya ce a shirya bagade, gama an nuna masa ubansa ya tafi, ya yi Misarsa ta farko bayan shekara uku domin hutawar ran wanda ya hana shi. Sa'an nan ya aiki dikon ya ƙetare duwatsun ya tabbatar. Dikon ya dawo da wasiƙa daga 'yan'uwan Bobbio, da kuma sandar Kolumbanus, wadda tsohon ya ce tun yana kwance a kai wa Gall.